Filin Mota da Inji: Shin Faɗaɗa Gidan Totur Zai Ƙara wa Motar Daji Ƙarfi?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan wata sun fi karkata ga motocin shiga daji, irin su Hilux da Prado da Land Cruiser waɗanda masu su suka yi wa gyare-gyare saboda yashin arewacin Jihar Katsina, kuma mafi yawansu sun taru ne a kan gidan totur, wanda makanikanmu suka fi sani da bakin injekta. Na zaɓi biyar daga ciki, na taƙaita wasu saboda ƙarancin wuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Daura, ina da Hilux mai shan fetur, injin 2TR mai lita 2.7, wadda nake shiga kasuwannin ƙauye da ita ta wajen Mai'aduwa da Zango da Ɓaure. Bara na ɗaga ta sama, na cire tayoyin da ta zo da su masu lamba 265/65R17 na sa 285/70R17, na ƙara mata ƙarfen gaba da bututun shan iska na sama, sannan na canza salansa zuwa mai faɗi. Tun daga lokacin motar ta yi nauyi, idan na shiga yashi da kaya sai ta riƙa nishi, man da take sha kuma ya ƙaru. Makanikina ya ce iska ce ba ta isar injin, don haka a sayo babban gidan totur mai faɗin milimita 70 daga Kano. Ina neman shawararka kafin in kashe kuɗina. Daga wani mai karatu a Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara buɗi a kasuwa. Ka kyauta da ka tambaya kafin ka saya, domin a ganina ba gidan totur ne ya ɗauke wa motarka ƙarfi ba, kuma sabo mai faɗi ba zai maido mata da shi ba. Zan fara da bayanin aikin wannan ƙarfe, sannan mu yi lissafi da lambobin da ka ba ni.

Gidan totur gajeren bututu ne na alminiyum da ke tsakanin robar da ta taso daga matatar iska da manifol, wato rassan da ke raba iska zuwa kowace silinda. A cikinsa akwai faifan ƙarfe da aka ɗaura a kan sanda, wanda yake toshe hanya idan ka ɗaga ƙafa, ya kuma buɗe ta idan ka taka. Ba ya ba da mai, ba ya tura iska, iyakar aikinsa shi ne ƙayyade yawan iskar da fistin zai zuƙa. Sensar da ke kusa da matata ce take auna iskar da ta wuce ta sanar da ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ita kuma ta umarci nozul su fesa fetur daidai gwargwado, wato kimanin giram 1 na fetur ga kowane giram 14.7 na iska a tafiya ta yau da kullum. A injin 2TR babu ma igiyar totur, domin feda tana aika saƙo ne ta waya, ƙwaƙwalwa ta juya faifan da ɗan ƙaramin injin lantarki, tsarin da kamfanin Toyota ya sa wa suna ETCS-i.

Inji mai bugu huɗu yana cika kowace silinda sau ɗaya ne a cikin juyi biyu. Saboda haka injinka mai cc 2,693, ko da kowace silinda ta cika maƙil, abin da zai iya sha a juyi 5,000 cikin minti ɗaya bai wuce kimanin lita 6,700 na iska ba, a juyi 2,500 kuwa rabin haka ne. Kamfani ya auna faɗin gidan totur ɗin da ya zo da motar ne domin ya wadatar da injin a ƙololuwar gudunsa, wajen juyi 5,200, inda yake ba da ƙarfin doki kusan 160. Kai kuwa a cikin yashi da buhunan gero, tsakanin juyi 2,000 da 3,500 kake aiki, inda ƙofar da ke akwai ta riga ta zarce abin da injin yake nema nesa ba kusa ba. Idan zaure ya cika da baƙi, faɗaɗa ƙofarsa ba zai sa ya ɗauki ƙarin mutum ko ɗaya ba.

Za ka iya cewa ai ka ga waɗanda suka canza, suna kuma rantsuwa cewa motarsu ta farka. Ba ƙarya suke yi ba, abin da suka ji ne suka yi wa fahimtar da ba ita ba. A ce faɗin na asali milimita 60 ne aka mai da shi 70, filin da iska za ta bi ya ƙaru da kashi 36 cikin 100, ba kashi 17 ba kamar yadda ido zai zata. Don haka da zarar ƙafa ta ɗan taɓa feda, iska mai yawa ce take shiga, mota ta zabura, direba ya ɗauka ƙarfi ne ya ƙaru, alhali kuwa abin da a da yake samu a rabin feda ne yanzu yake samu a rubu'inta, kuma idan ya taka ƙasa ƙarfin yana nan yadda yake. A kan kwalta wannan zabura tana da daɗi, amma a cikin yashi illa ce babba, domin abin da ke fitar da mota daga rairayi shi ne direba ya iya ba ta wuta kaɗan-kaɗan ba tare da taya ta zame ba, kuma tayar da ta zame rami take haƙa wa kanta har cikin motar ya zauna a ƙasa.

Yanzu mu koma inda ƙarfin ya tafi. Tsayin tayar 265/65R17 kimanin milimita 776 ne, na 285/70R17 kuwa kimanin 831, wato ƙarin kashi 7 cikin 100. Ma'anar haka ita ce ƙarfin turawar da ke isa ƙasa ya ragu da kusan wannan kaso a kowace giya, kamar an ɗaga dukkan giyoyin motar sama, kuma malejinka ma ya daina faɗa maka gaskiya, domin idan ya nuna 100 kana gudun kilomita 107 ne. Ƙara da cewa manyan tayoyi sun fi nauyi, ƙarfen gaba nauyi ne, motar da aka ɗaga kuma ta fi tokarar iska. Idan ka ɗora mata buhu goma masu kilo 100, tan guda ke nan, wanda ya kai ko ya wuce abin da aka ƙera irin wannan mota ta ɗauka tun kafin a rataya mata wasu ƙarafa. Salansa mai faɗi fiye da kima ita ma tana iya rage ƙarfin ja a ƙaramin juyi, duk da ƙarar da take yi mai sa mutum ya ji kamar an samu ci gaba.

Akwai kuma abin da ba laifin kowa ba ne, wato yanayin ƙasarmu. Yankin Katsina da Daura yana kan tudu kimanin mita 500 sama da teku, kuma injin da ba shi da turbo yana asarar kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta tsawo. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, idan zafi ya kai digiri 40, iska tana raguwa a nauyi da kimanin kashi 8 cikin 100 in aka kwatanta da ta digiri 15, wato iskar oksijin da ke cikin kowace lita ta ragu. Faɗin gidan totur ba ya canza ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ban ce ka yarda da maganata haka kawai ba, tunda gani ya kori ji. Ka nemi makaniki mai ma'aunin zuƙo, ya haɗa shi da ɗaya daga cikin ƙananan bututun manifol, bayan faifan. A silo, wato inji yana aiki ba a taka feda ba, lafiyayyen inji yana nuna tsakanin 17 da 21 a layin inHg, a nan wajenmu kuma zai ɗan gaza haka saboda tudu. Sai ku hau hanyar da babu jama'a, a giya ta biyu ko ta uku, ka taka feda ƙasa har juyi ya haura 5,000, shi kuma yana kallon allurar. Idan ta faɗo kusan sifili ta zauna a nan, to babu abin da ke shaƙe injin ta wannan ɓangare, maganar sabon gidan totur ta ƙare. Idan kuwa ta tsaya sama da 1 ko 1.5 tana hawa tare da juyi, akwai cikas, amma kada a yi saurin ɗora wa totur, a mai da ma'aunin gaban faifan, tsakaninsa da matata, a sake gwadawa. Sau da yawa za a tarar matatar iska ce ta toshe da ƙura, ko kuma bututun saman nan da aka sa ya yi ƙunci ko ya cika lanƙwasa. Bambancin da ke tsakanin awon biyu shi kaɗai ne rabon gidan totur.

Kuɗin da ka tanada, in da nawa ne, haƙoran aksil zan saya da su. A duba lambar haƙoran da motarka ta zo da ita, wato yawan juyin da shaf yake yi kafin taya ta juya sau ɗaya, a ɗaga ta gwargwadon girman tayar: daga 4.30 zuwa 4.56 ƙarin kashi 6 ne, daga 4.10 zuwa 4.56 kuma kashi 11. Wajibi ne a canza na gaba da na baya tare, su zama lamba ɗaya, in ba haka ba ranar da aka sa ta jan ƙafa huɗu wani abu zai karye, kuma aikin yana son gwani mai ma'auni, ba mai kintace ba. Idan wannan ya yi tsada, komawa ga tayar asali ya fi komai sauƙi. Kafin ka shiga yashi mai zurfi ka rage iskar taya zuwa wajen geji 20, ko sama da haka kaɗan idan kaya sun yi nauyi, ka sa giyar 4L tun kafin motar ta kafe, sannan ka mai da iskar kafin ka hau kwalta, domin taya mai ƙarancin iska tana ɗaukar zafi ta fashe a guje.

Akwai lokacin da babban gidan totur yake da amfani na gaskiya, kuma adalci ne in faɗe shi. Idan an buɗe kan silinda an faɗaɗa hanyoyin iska, an sa kamshaf mai ɗaga bawul sosai, an ƙara girman silinda, ko an ɗora sufacaja, wato famfon tura iska cikin inji, irin wadda take zuƙar iska ta cikin totur, to injin ya koma yana neman iskar da ƙofar asali ba za ta iya ba shi ba a babban juyi. A nan ma ba a tsallake daga 60 zuwa 80, ana ƙara milimita kaɗan ne, a goge bakin manifol ya yi daidai da sabon faɗin, sannan a sake tsara lissafin ƙwaƙwalwar motar. Motarka ba ta kai wannan matsayi ba, kuma aikin da kake yi da ita ba ya buƙatar ta kai.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina da tsohuwar Land Cruiser 80 mai injin fetur 1FZ-FE da giya otomatik. An gyara mini kan silinda, an canza kamshaf da bututun hayaƙi, daga bisani aka ɗaura babban gidan totur na gwanjo da aka samo a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, aka yanka farantin ƙarfe aka haɗa shi da manifol. A guje kam ta ƙara lafiya, amma silonta ya tsaya a 1,400 ya ƙi sauka, tana fizga idan ina tafiya a hankali, giyar tana shiga da duka, fitilar inji kuma ta kama. In cire ne ko akwai gyara? Daga wani mai karatu a Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Barka kadai, Malam. Kai kana cikin 'yan kaɗan ɗin da canjin yake da hujja a wurinsu, tunda injinka mai lita 4.5 da silinda shida an riga an buɗe masa hanyoyin numfashi. Abin da ka lissafa alamun aikin da ba a kammala ba ne, kuma akwai gyara, amma ina roƙonka ka ajiye motar daga tafiya mai nisa har sai an yi shi, saboda dalilin da zan fara da shi.

Giyar otomatik ta wannan mota tana da igiya tata ta daban da ke tasowa daga gidan totur, kuma da ita ce giya take sanin yadda ka taka domin ta daidaita matsin man cikinta. Idan hannun sabon totur ya fi na asali tsawo ko gajarta, igiyar za ta riƙa jawuwa fiye da kima ko ƙasa da kima. In ta wuce kima giya za ta shiga da duka kamar yadda kake ji, in kuwa ta gaza, faifan kulocin cikin giyar za su riƙa zamewa su ƙone a hankali ba tare da ka ji komai ba, kuma gyaran wannan ya ninka kuɗin totur ɗin sau da yawa. A auna nisan da igiyar take tafiya a tsohon totur daga rufe zuwa buɗe, a tabbatar sabon yana ba da daidai wannan nisa.

Game da silo, ya kamata injin nan ya zauna wajen juyi 650 idan ya yi zafi. Tsayawarsa a 1,400 tana nufin iska tana shiga ta inda bai kamata ba, kuma wurin da nake fara zargi shi ne farantin da aka yanka. Idan fuskarsa ba ta kwanta sumul ba, ko an yi amfani da gam a maimakon gaskit, iska za ta kutsa ta gefe ba tare da sensa ta auna ta ba, mai ya yi ƙaranci a cikin cakuɗar, wanda yake ƙara wa fistin da bawul zafi. A goge farantin a kan injin goge ƙarfe, a yanka sabon gaskit a kowace fuska, a ɗaure kusoshin a gicciye kaɗan-kaɗan. Wasu makanikai suna neman yoyon ta hanyar fesa fetur a kan inji yana aiki, kuma ina hana wannan da babbar murya, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara a gareji. Hura hayaƙi cikin manifol inji yana kashe ya fi aminci, ya kuma fi nuna wurin. A duba kuma ko an toshe ko an mai da kowace ƙaramar roba inda take, a duba ko igiyar feda tana da ɗan sassauci, a kuma duba ko wani ya murɗa dunƙulen da faifan yake tsayawa a kansa domin ya ɗaga silo.

Sai bawul ɗin silo, wanda ƙwaƙwalwa take buɗewa da rufewa domin ta ba injin iska lokacin da ƙafarka ba ta kan feda. Idan na wata mota ne daban, ƙila wayoyinsa ba su dace da ƙwaƙwalwarka ba, ya tsaya a buɗe. Haka ma sensar da ke kan sandar faifan: a irin waɗannan tsofaffin injinan Toyota tana da wani maɓalli a ciki da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa totur ya rufe, kuma ana saita ta ne da siririn ma'aunin tazara da mitar lantarki, ba da ido ba. Muddin ƙwaƙwalwa ba ta samu wannan saƙo ba, ba za ta taɓa shiga tsarin silo ba. Mafi kyau shi ne a ɗauko sensa da bawul na tsohon totur ɗinka a ɗora a kan sabon idan mazauninsu ya yarda. Idan na'urar bincike ta zamani ta ƙi karanta motar, a haɗa TE1 da E1 a cikin ƙaramin akwatin binciken da ke ɗakin inji, a ƙirga ƙiftawar fitila: lamba 41 tana nuna sensar totur, 25 kuma ƙarancin mai a cakuɗa.

Fizgar da take yi a tafiyar hankali ita ce zaburar da na yi wa Alhaji bayani a sama. Maganinta shi ne a sa wa sandar faifan mazaunin igiya mai siffar dodon koɗi, wanda yake buɗewa a hankali da farko sannan ya yi sauri daga baya. Kada kuma a bar gareji sai an gwada da hannu an ga sifirin, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke kan sandar, yana mai da faifan ya rufe da kansa daga kowane matsayi, inji da sanyi da kuma da zafi, domin totur da ya maƙale a buɗe rayuka yake ɗauka.

TAMBAYA: Malam, tawa Land Cruiser ce mai shan gas, injin 1HZ, ina jigilar kaya tsakanin Jibiya da ƙauyukan bakin iyaka. Ni ma zan iya sa babban totur? Daga wani direba a Jibiya.

AMSA: Malam direba, injinka ba shi da irin wannan faifai da za a faɗaɗa. Injin gas yana shan iska iya son ransa a kowane lokaci, feda kuma famfon mai take ja, don haka yawan gas ɗin da aka fesa ne yake ƙayyade ƙarfi. Sababbin injinan gas irin su 2KD da 1GD suna da wani faifai a bakin manifol, amma aikinsa taimaka wa mai da hayaƙi cikin inji da kuma kashe shi ba tare da jijjiga ba, kuma a buɗe yake idan ana neman ƙarfi. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne murɗa famfo a ƙara mai ba tare da ƙarin iska ba, domin baƙin hayaƙi da zafi mai tsattsage kan silinda ne sakamakonsa. Idan dole sai an ƙara wa 1HZ ƙarfi, turbo mai matsakaicin matsi ne hanya, tare da ma'aunin zafin hayaƙi a gaban direba da lagireto mai lafiya.

TAMBAYA: Baba, na ga ana tallar wata 'yar na'ura a Facebook da ake maƙalawa a wayar feda, da kuma wani zoben alminiyum da ake sawa tsakanin totur da manifol, an ce suna ƙara doki. Gaskiya ne? Daga wani ɗalibi a Dutsin-Ma.

AMSA: Ɗana, na'urar feda ba ta taɓa inji ko kaɗan, saƙon da ƙafarka ta aika take ƙara wa girma, ta yadda ƙwaƙwalwa za ta ɗauka ka taka fiye da yadda ka taka. Motar za ta fi saurin amsawa, amma ƙarfinta na ƙarshe bai motsa ba. Amfaninta ɗaya da na yarda da shi a daji shi ne wasu suna da matakin da ke lausasa feda, wanda yake taimakawa a duwatsu da laka. Ka sani kuma feda da totur na lantarki kowanne yana da sensa biyu da ƙwaƙwalwa take gwama su, kuma idan na'ura mai arha ta sa suka saɓa, motar za ta rage wa kanta ƙarfi ta koma tafiyar rarrafe domin kariya. Zoben kuwa ya samo asali ne daga zamanin kafireta, lokacin da mai da iska suke bi ta wurin tare. A injin da nozul suke fesawa a bakin bawul, iska ce zalla take ratsa shi, kuma abin da yake ƙarawa a zahiri shi ne fito da kuma wata sabuwar fuska da za ta iya yoyo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, muna zagaya ƙauyukan Mashi da Kaita da Prado mai injin V6. Idan hunturu ya shigo motar takan riƙa rawa a silo, wani lokaci ta mutu a tsaye. Direbanmu yana wanke bakin injekta da fetur duk wata, yanzu kuma ya ce a cire akwatin matata a sa buɗaɗɗiyar matata mai siffar mazurari, tare da babban totur, domin ta riƙa numfashi. Ina tsoron kada ta tsaya mana a daji da alluran rigakafi a cikin sanyi. Daga wata mai karatu a Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya saka muku da alheri a kan wannan aiki. Tsoronki yana kan hanya, kuma ina ba ki shawara kada ki amince da ɗaya daga cikin biyun. Injin 1GR-FE mai lita 4.0 yana da ƙarfin da ya wadaci aikinku, abin da kuke buƙata daga gare shi shi ne ya kai ku ya dawo da ku. Totur ɗinsa na lantarki ne, ƙwaƙwalwa kuma tana riƙe da lissafin yawan iskar da ya kamata ta wuce a kowane kusurwar faifai, don haka sa mata wani mai faɗi ba tare da sake tsara lissafin ba yana jawo rashin zaman silo da kunnuwar fitila, wani lokaci har da tafiyar rarrafen da na ambata, wadda ba abin da za a so ba ce a tsakanin ƙauye da ƙauye.

Buɗaɗɗiyar matata kuwa ta fi zama haɗari a ƙasarmu. Ƙurar da ke sauka daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana ɗauke da ɓarɓashin yashi mai laushin gaske, wanda idan ya wuce matata yake cinye ringi da bangon silinda a hankali har injin ya fara shan baƙin mai. Matatar takarda ta asali ta fi riƙe wannan ƙura, irin mai mazurarin kuwa ramukanta sun fi faɗi, man da ake shafa mata yana ɓata sensar iska, sannan tana zuƙar iska mai zafi ta ɗakin inji. A bar akwatin yadda yake, a riƙa duba matatar kowane mako a lokacin hazo, a canza ta da zarar ta yi duhu maimakon a yi ta busa ta da iskar mai faci mai ƙarfi da ke yaga takardar, a kuma tabbatar murfin ya rufe ruf a kan robarsa. Idan kuna yawan bin bayan wasu motoci a hanyar burji, bututun shan iska na sama mai kwanon tace ƙura a kansa zai rage wa matatar aiki sosai.

Rawar silon tana zuwa ne daga baƙin dattin da tururin mai da ƙura suke tarawa a gefen faifan, daidai 'yar tazarar da iskar silo take bi. Wanke shi daidai ne, amma ba duk wata ba, kuma ba da fetur ba. A cire kan batir, a kwance totur ɗin, a fesa maganin wanke totur a kan tsumma mai laushi a goge bakin faifan da bangon bututun, ba tare da an bar ruwan ya gangara cikin baƙin murfin da injin lantarki da sensa suke ba, kuma ba tare da an banƙare faifan da ƙarfi ba, saboda haƙoran da ke juya shi na roba ne. A mai da shi da sabon gaskit. Sensar iska tana da nata maganin fesawa daban, ba a kuma taɓa siririyar wayarta da hannu ko tsumma. Bayan an haɗa, silo yakan ɗan hau na wani lokaci domin ƙwaƙwalwa ta saba da dattin da aka cire, sai a bar injin ya yi zafi sosai a tsaye, na'urar sanyaya ɗaki da fitilu a kashe, sannan a yi 'yar tafiya. Idan bayan kwana biyu bai zauna ba, a kai ta a sa mata na'urar bincike: lamba P0171 ko P0174 tana nuna iska tana kutsawa ko mai ya yi ƙaranci, P0505 matsalar tsarin silo ce, P0121 da P2135 kuma sensar totur ce ko wayoyinta, kuma a wannan hali na ƙarshe a fara duba soket ɗin ko ƙura ta shiga ko ya saki kafin a yi maganar sayen sabon totur irin na asali.